Ruwan da Yallaɓai Ya Gyara

Shekara tara ina shiga taɓo har gwiwa saboda ƙwaro. A gida har yayata ta daina kirana da sunana, sai Uwar Mazari. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ta faɗa. Akwai wani irin mazari mai koren ido da ya kusa ƙarewa, kuma a fadamar da nake kula da ita 'ya'yansa suke rayuwa, cikin ramukan ƙaguwa da ke bakin idon ruwa. Shekara huɗu suke yi a laka kafin su yi fuka-fuki. Aikina shi ne in zagaya bututu shida da muka kafa a ƙasa, in ɗebo ruwan ƙarƙashi a kwalabe in kai ɗakin gwaji, don mu san abin da ke gangarowa zuwa gare su. A ƙirgena na ƙarshe saura arba'in da ɗaya.

Sai aka turo mana sabon shugaba daga sashen ruwan sha. Shekara ashirin ya yi yana wanke rijiyoyin unguwanni, kuma ba ya barin kowa ya manta. Farin takalmi yake sawa. Ranar da na fara kai shi fadama, a bakin hanya ya tsaya yana toshe hanci da hankici, ni kuwa na tato ɗan mazari ɗaya da rariya na kawo masa a faranti.

“Wannan tsutsar daga ruwanmu ta fito?”

“Saboda ita ake biyanmu albashi, Yallaɓai.”

Na yi masa bayani tiryan-tiryan: ba ruwan sha muke nema ba, so muke ruwan ya zauna yadda Allah ya yi shi, da gansakukarsa da ƙananan halittun da tsutsar ke ci. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ya gane. Da na san irin ganewar da ya yi, da a fadamar zan tare da tabarmata.

A makon ne takarda ta zo cewa manya za su kawo ziyara daga hedikwata. A makon ne kuma yayata ta haihu, na ɗauki hutun kwana uku.

Da na dawo, tun daga bakin hanya warin kulorin, sinadarin da ake wanke rijiya da shi, ya tare ni. An sare ciyawa ƙwal. An cike ramukan ƙaguwa da yashi don kada manya su yi tuntuɓe. Bututuna shida sun sha farin fenti, kowanne da lambarsa da ja. Ga wani ƙaton allo mai hoton mazari, ya fi ƙofar ɗakina girma. Yallaɓai na tsaye a gindinsa yana murmushi.

“Kin ga aiki? Kulorin kofi biyu-biyu na sa aka zuba a kowane bututu, idon ruwan kuma bokiti guda. Da kaina na tsaya a kansu.”

Abin da ke bakina ba na faɗa wa shugaba ba ne. Na sa takalmin roba, na ɗauki rariya na shiga. Ruwan ya yi garau, har ana ganin ƙasa. Na tone ramukan ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Zuwa azahar na tara talatin da takwas, duk sun yi fari sun sandare. Na zauna a kan yashin na yi kuka mai isata, ban damu da leburorin Yallaɓai da ke kallona ba.

Washegari manya suka iso, motoci uku. Yallaɓai ya ɗebo ruwan idon a kofin gilashi ya ɗaga shi sama, ya karanta sakamakon ɗakin gwaji da murya mai ƙarfi: babu ƙwayar cuta ko ɗaya, abin da ba a taɓa samu ba a shekara tara. Da ya zo kan “shekara tara” sai da ya waiwayo ya kalle ni. Aka tafa masa. Wani ma har ya kurɓa.

Babbar cikinsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, “To madalla. Ina mazarin? Shi muka zo gani.”

Yallaɓai ya nuna allo. Ta ce hoto akwai shi a ofishinta. Sai ya juyo gare ni. “Ai ga mai ƙirga su nan. Malama, nuna musu.”

Na buɗe jakata na fito da farantin, na ajiye shi kusa da kofin gilashin.

“Ga su, ranki ya daɗe. Talatin da takwas. Tunda nake da su ban taɓa ganin sun yi tsabta irin ta yau ba.”

Dattijuwar ta cire tabarau ta daɗe tana kallon farantin. Wanda ya kurɓi ruwan ya koma gefe yana tofar da yawu. Yallaɓai ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

“Amma dai kin yarda ruwan ya gyaru.”

An mayar da shi sashen ruwan sha, inda aka ce yana da hazaƙa. Allon na nan, fentinsa bai ko dushe ba. Ni kuma kullum da safe ina cikin laka da rariyata, ina neman ukun da ban gani ba.