Tukunyar Ya Fanna

"Ki kawo mini likitar nan taki," in ji Ya Fanna. Ta damƙe mini wuyan hannu da wani ƙarfi da ban zaci ya saura a jikinta ba.

"Wace likita kuma, Ya Fanna? Ba jiya ɗanki Mala ya dawo da ke daga asibiti ba?"

"Ba masu duba ni ba. Waɗannan sun gama nasu, sun ce ƙoda ce, na ji. Mai tambayoyin nan nake so, wadda ta leƙa zuciyarki."

Na kalli Khalida, jikarta, tana tsugune a bakin ƙofa da kofin shayin da ya riga ya huce. Ita ma ni take kallo. Na san abin da tsohuwar take nufi, na kuma san bakina ne ya jawo shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a unguwar Dogo Tebo. Mutuniyar Borno ce, tun tana amarya aka kawo ta Potiskum, har ta tsufa Hausarta ba ta rabu da ɗanɗanon Barebari ba. Shekara da shekaru ita ce mai wankan jego a layinmu. Mace ta haihu, kafin dangi su gama guɗa Ya Fanna ta ɗora babbar tukunyarta ta dalma a murhu. Safe da yamma, kwana arba'in, za ta fyaɗa miki ruwan zafi da ganyen darbejiya, kina ihu tana yi miki tsiya, sannan ta miƙo miki kunun kanwa mai citta ta tsaya a kanki sai kin shanye. Ba ta taɓa gwada ruwan da tafin hannu. Cewa take tafin hannu maƙaryaci ne, ya saba da wuta. Sai ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu.

Shekara biyu da suka wuce na haifi Abbas, ɗana na uku. Bayan suna da kamar sati biyu ƙafafuna suka kumbura, in na ɗauko bokiti daga bakin rijiya zuwa ɗaki sai na zauna sau biyu ina haki. Baban Abbas ya kai ni babban asibiti. A nan na haɗu da Dakta Ramlat, wadda take zuwa daga Damaturu duk Alhamis, tana bincike a kan ciwon zuciyar da yake kama mata wajen haihuwa. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'ura, sai ga zuciyata a allo tana motsi a kasale. Ta ba ni magunguna, ta tambaye ni ko na yarda in shiga binciken, na ce na yarda. Sai ta jawo takarda mai shafi huɗu ta shiga jero mini tambayoyi.

To ni Ummuhani, Allah ya yi ni da baki, abu ba ya kwana a cikina. Ina dawowa na tarar da Ya Fanna a tsakar gidanmu tana dama mini kunu, na zauna na kwashe komai na faɗa mata.

"Wallahi har tambayata ta yi kwana nawa na yi ina wankan ruwan zafi, kofi nawa na kunun kanwa nake sha a rana, wa yake dama mini. Na ce Ya Fanna mana, wa kuma?"

Ina dariya nake faɗa. Ludayin ya tsaya a hannunta.

"Ta rubuta?"

"Ta rubuta mana. Komai rubutawa take."

Ta sauke kunun, ta rufe, ta zura takalmanta ta fita. Sai da ta fita na tuna da Sa'adiya, 'yarta mace tilo, mahaifiyar Khalida. Kafin a kawo ni unguwar ta rasu, amma na ji labari: haihuwar fari, ta kumbura, ba ta kai arba'in ba. Kuma uwarta ce ta yi mata wanka, ita ta dama mata kunu.

Washegari da na leƙa, tukunyar tana kife a gindin katanga. Haka ta zauna shekara biyu, kaji suna hawa suna yi mata kashi. Duk wadda ta aiko a zo a yi mata wanka, sai Ya Fanna ta ce bayanta ne yake ciwo. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mata likitar fa ba ta ce kunu ne ba, tambaya kawai ta yi.

"Likita ba ta tambayar banza," ta ce. "Ɗaya ta tafi a hannuna, ɗaya Allah ya bar mini ke. Ba zan gwada ta uku ba."

Tun daga ranar ban sake tayar da maganar ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin kaina, har yau ina ji.

Ranar Alhamis na bi layi a asibiti kamar mai ganin likita, alhali ranar da aka ba ni ba ta zagayo ba. Da na shiga Dakta Ramlat ta ɗago kai.

"Ummuhani, lafiya? Kin daina shan maganin ne?"

"Ina sha, Dakta. Wata tsohuwa ce take son ganinki." Na ba ta labarin tun daga kan kunu har zuwa tukunya.

Ta ajiye biro. "Ni ba likitar ƙoda ba ce, kin sani. Ba abin da zan iya yi mata."

"Ba magani take so ba. Amsa take so, kuma ba ta da sati biyu a gaba da za ta jira ki."

Ta dubi takardun da ke gabanta. Sannan ta ce in jira ta ta sallami mutane.

Bayan la'asar muka shiga keke napep. An yi ruwa da safe, mai keken ya ƙi shiga lungunmu, sai da ƙafa muka ƙarasa, Dakta tana riƙe da gefen zaninta tana tsallake taɓo. Mala yana zaune a ƙofar gida da baƙi masu dubiya, ya miƙe da sauri yana yi mata sannu da zuwa.

Ya Fanna ta sa Khalida ta tayar da ita ta jingina da filo. Ta ƙare wa likitar kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe yarinya ce ma. Zauna nan kusa, 'yar nan, kunnena ya yi nauyi."

Dakta ta zauna a bakin katifa. "Sannu, Iya. Ya jikin?"

"Jiki ya gama aikinsa. Ke dai ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni don kin ga ina kwance. Kunun kanwa da ruwan zafi, su suke kashe zuciyar mai jego?"

"Iya, muna tambaya ne don ba mu sani ba, ba don mun kama mai laifi ba. Mun tambayi mata da yawa. Akwai waɗanda ba su taɓa kurɓar kunun ba, ciwon ya kama su. Akwai waɗanda suka sha arba'in cur, suna nan garau. A abin da muka tara zuwa yanzu, ba mu ga ya nuna kunun ne ba. Amma kanwa in ta yi yawa ba ta da kyau ga mai kumburi ko mai hawan jini, wannan ba zan ɓoye miki ba."

Ya Fanna ta girgiza kai a hankali. "Wannan maganar mata da yawa ce. Ni mace ɗaya nake tambaya."

Ina jin Khalida tana jan hanci a bayana. Ni kam na ce a raina shi ke nan, na ɗauko baiwar Allah tun daga asibiti a banza.

Sai Dakta ta buɗe jakarta ta zaro irin takardar nan mai shafi huɗu. "To bari in yi miki tambayoyin da nake yi wa kowa. Ke za ki amsa a madadinta. Ya sunanta?"

"Halimatus Sa'adiyya."

"Shekarunta nawa?"

"Kamar wannan." Ta nuna Khalida da haɓa.

"A ina ta yi goyon ciki?"

"A nan ɗakin. Daga Damagum mijinta ya kawo ta tana wata bakwai."

"Kumburin, kin tuna ta ina ya fara?"

"Ƙafa. Sai hannu. Akwai wani zoben azurfa da na ba ta, ya ƙi fita, muka sa sabulu muka sa mai, sai da Mala ya kira maƙeri ya yanke shi."

"Barci fa? Tana iya kwanciya?"

"Ina fa! Da ta kwanta sai ta zabura, ta ce numfashinta zai ɗauke. Buhun gero na jawo mata can kusurwar, a zaune take kwana ta jingina da shi. Ni kuma ina yi mata faɗa, na ce cikin fari ne ya sa take raki."

Biron Dakta ya tsaya. "Lokacin da take jingina da buhun, ta haihu ko ba ta haihu ba?"

"Da cikin mana. Ai da saura sati biyu ko uku."

"Kunun fa, yaushe kika fara ba ta?"

"Ke 'yar nan, kunun jego ai sai an haihu. Wa yake ba mai ciki..."

Ba ta ƙarasa ba. Bakinta ya tsaya a buɗe, idonta yana kan kusurwar da babu komai yanzu sai tsohuwar fanka. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta saki haka a gabana ba.

"Ban ga Sa'adiya ba, Iya," in ji Dakta a hankali. "Ba zan rantse miki a kan abin da ban gani ba. Amma a yadda kika faɗa da bakinki, ciwon ya riga tukunyarki zuwa."

Hawaye suka gangaro wa tsohuwar ta cikin tsagen fuskarta. Ba ta share ba.

"Mun ce nauyin ciki ne," ta ce.

"Har yau haka ake cewa. Shi ya sa nake yawo da takardar nan."

"To ki sa ta a ciki. Ki rubuta da buhun."

"Ba za ta shiga cikin binciken ba, Iya, sai wadda na duba da hannuna. Amma ga shi na rubuta, kuma zan ajiye."

Ya Fanna ta gyaɗa kai, kamar wannan ma ya ishe ta. Sai ta nuna ni da yatsa. "Ita wannan fa? Tata ta warke?"

Dakta ta ciro abin sauraren ƙirji daga jaka, ta saka wa tsohuwar a kunne, ta ɗora bakinsa a ƙirjina. Na durƙusa a gabanta ina riƙe numfashi. Ta lumshe ido ta daɗe tana saurare.

"Ummuhani," ta ce, "ke har zuciyarki ma surutu gare ta."

Muka fashe da dariya dukanmu, ni ina yi ina kuka.

Ranar Juma'a ta kira Khalida ta ce a tayar da tukunyar a wanke, matar Almustapha ta ƙarshen layi ta kusa, kuma haihuwar fari ce, ba ta da kowa a garin. Ta ce a gaya wa duk wadda za ta dama kunun ta rage kanwa, likita ta faɗa. Khalida ta yini tana dirzar tukunyar da toka da soson ƙarfe, ta ajiye ta a rana.

Ya Fanna ta cika ranar Lahadi da hantsi. Ina tuyar awara Khalida ta leƙo ta kan katanga, ina ganin fuskarta na sauke kaskon. Na same ta a kwance ta gefen dama, hannunta a ƙarƙashin kumatu, kamar wadda barci ya sace.

Matan layi suka cika gidan, rabinsu ita ta yi musu wanka. Matar liman ta ce a ɗumama ruwa. Ba wadda ta ce a ɗauko wace tukunya, ni da Khalida muka kama kunnuwanta muka ɗora a murhu. Muka zuba ruwa bokiti uku, na hura wutar.

Da tururi ya fara tashi Khalida ta miƙa hannu za ta taɓa. Na riƙe ta. Na naɗe hannun rigata, na sunkuya na tsoma gwiwar hannu.

"Ƙara na sanyi kaɗan," na ce.