Ƙafafun Sunan Kawu Sroeun

Gwaggona Chhorvy ta rantse ba za ta buɗe shagon taliyarta a bakin kogin garinmu Kampong Chhnang ba, sai cikakken sunan marigayi mijinta, Kawu Sroeun, yana saman ƙofa. Kuma ba a kan kowane katako ba, sai a kan falankin da ta ɓalle daga kwalekwalensa, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

Ni da karambanina na ce a rubuta da haruffan Turawa, tunda su a jere suke tafiya, babu mai hawa kan wani. Na rubuta mata a takarda, malamin makaranta ya rubuta nasa, mai gyaran waya ma ya tsoma baki. Wasalin tsakiya kaɗai ya fito iri uku.

"Shekara talatin ina da miji ɗaya," in ji ta, "yau kun mayar min da shi uku. Ku tashi ku ba ni wuri."

Aka kira Baba Nhem, mai rubuta allunan shaguna da haruffanmu na Khmer. Ya dubi falankin, ya dube ta.

"Ƙanwata, haruffan nan fa akwai masu hula, akwai masu ƙafa. Ina zan sa ƙafafun?"

"Nemo musu wuri, Yaya. Gurgu ka ga na aura?"

Baba Nhem ba ya gardama da mace mai ludayi a hannu. Ya zana jikin haruffan a falankin, ya yanko ƙananan katakai ya buga a ƙasa, kowace ƙafa da nata, suka sauko har bakin ƙofa.

Ranar buɗewa, daga tafiyar sufayen haikali da suka zo yayyafa ruwan albarka zuwa tsakar rana, mutum bakwai suka ƙume goshi da ƙafafun. Ni ne na huɗu, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauko zarto.

"Gwaggo, bari in rage ƙafafun nan kafin mu kashe wani."

Ta riƙe min hannu. Idonta yana kan mai unguwa, wanda ya cire hula ya ranƙwafa sosai don ya shigo.

"Ka ga wancan? Shekara ashirin kawunka yana tsallakar da shi kogi, ko sannu bai taɓa ce masa ba. Bar shi ya duƙa."

Ta share hawaye da bayan hannu, sannan ta ce gobe in ƙara sauko da allon kaɗan.