Na'urar da Alfari ya jira

Shekara ashirin Alfari yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Kwatano. Da soja suka karɓi mulki aka rufe kadarkon kan iyaka, sai maigidansa ya jingine motar. Alfari ya gangara bakin gulbi ya shiga dako, yana sauke buhunan shinkafa daga jiragen da ke ƙetarowa daga Malanbil. A wata na huɗu ya ji wani kumburi a matsematsinsa, in ya kwanta ya koma, in ya ɗaga buhu ya fito.

Lokotoro ya duba shi ya ce gwaiwa ce. "Aikin iri biyu ne, Malam Alfari. Nan muna tsagawa mu ɗinke, ka yi wata biyu ba ka ɗaga ko bokiti ba. A Yamai kuwa huda uku suke yi ƙanana, su zura kamara. Ciwon bai kai ba, kuma an fi saurin tashi. Amma duk wanda za ka yi, kada ka daɗe."

Wata biyun nan ne ya tsaya masa a rai, don baki bakwai ke ci daga kafaɗarsa. Ɗiyarsa Rabi, da ke aure a Yamai, ta samo masa rana a wani asibiti. Ana saura kwana uku ta kira shi.

"Baba, sun ɗaga. Wai wani ƙarfen na'urar ya lalace, sabon yana hanya."

"Wace hanya, Rabi?"

Shi ya san hanyar, ta kadarkon nan ce da aka rufe, ya san yadda kaya ke ruɓewa a kanta yanzu.

Matarsa Ajuma ta ce, "Malam, ka bari a yi na nan ɗin."

Ya ce a ƙara haƙuri. Ya ɗaure wurin da tsohon rawani ya ci gaba da dako.

Wata Talata da hantsi kumburin ya fito ya ƙi komawa. Ya durƙusa cikin laka yana amai. Kafin amalanke ta kai shi asibiti hanji ya shaƙe, sai da aka tsaga cikin tun daga cibiya, aka yanke abin da ya mutu.

Ya rayu, amma lokotoro ya ce shi da buhu har abada.

Yanzu Ajuma ke soya kifi a bakin gulbi. Alfari na zaune gefenta bisa benci yana naɗe wa masu saye a takarda, in tsofaffin abokan dakonsa sun wuce sai ya sunkuyar da kai.