Jiniyar Masaƙa

Bilkisu na tsaka da wanki a gidansu na Makera ta ji jiniyar masaƙa. Tun da aka rufe masaƙar a Kakuri, 'yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, ba a ƙara jin wannan kukan ba. A Kadunar wancan lokaci kuwa, duk ƙarar da ba a saba ji ba sai mutum ya fara neman 'ya'yansa. Ita tabarmar mahaifinta ta leƙa. Babu Baba Ɗahiru, babu takalminsa.

Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa, yanzu tsufa ya taɓa masa kai, ko masallaci sai an riƙe masa hannu. Ta zari mayafi ta fita da kumfa a hannu. Masu shaguna sai jan ƙofa suke, kowa na tambayar me ya faru, babu mai amsa. Mutanenmu ke nan, gudu tukuna, bayani daga baya. Ita tsoronta babbar hanya, inda tireloli ke wucewa a guje.

A ƙofar masaƙar ta tarar da Obinna makanike, hannu duk baƙin mai, yana ba jama'a haƙuri. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ce ta hana a rushe ginin, aka gyara babban zauren don teloli da masu rini, aka bar masa rufinsa mai kama da haƙoran zarto. Su ne suka ce jiniyar ma kayan tarihi ce, a gyara ta. Ba wanda ya tuna ya sanar da unguwa.

"Gwaji ne kawai, madam," in ji Obinna. "Wani baba ya shiga ciki, na ce ya tsaya, ko kallona bai yi ba."

Can ƙarshen zauren ta sami mahaifinta, tsaye inda ƙusoshin injinsa suka bar ramuka a siminti. Ya cusa auduga a kunne kamar yadda suke yi a da saboda ƙarar injuna, yatsunsa na ta ɗaura zaren da babu shi. Ta kama hannun rigarsa, ya fizge, ya girgiza kai. Sai ta tuna ƙa'idarsu: ma'aikaci ba ya barin inji sai an busa jiniyar tashi daga aiki.

Ta koma ta roƙi Obinna ya sake busawa. Ya dubi mutanen da suka fara buɗe shagunansu, sannan ya danna maɓallin jiniyar.

Baba Ɗahiru ya zare audugar, ya goge hannu a riga, ya dube ta da irin fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, ba ni hanya in yi sauri," ya ce. "Na bar Bilkisu da zazzaɓi, uwarta ita kaɗai ce a gida."