Farar Ƙasa a Rufin Kaka

Bara da damina rufin ɗakin Kaka ya yi yoyo, sai yayana Felix ya shafe kwanon duka da kwalta. Yoyo ya tsaya. Amma da bazara ta shigo garinmu Kudan, ɗakin ya koma kamar tanda. Kaka ta daina barcin rana, ta rame, ƙuraje suka feso mata a wuya. Felix ya ce ranar Lahadi bayan sujada zai tafi da ita Zariya, can yana da fanka. Kaka ta dai riƙa shafa bangon da marigayi mijinta ya gina.

Ni ba na iya musu da Yaya. Na zagaya bayan gida na zauna gindin mangwaro.

Shanun su Zulaihatu, mai kawo mana nono, suna kiwo kusa. Fararen suna tsaye cikin rana abinsu, wata baƙa ce kaɗai ta raɓe a inuwa tana haki. Zulaihatu ta yi dariya, ta ce kullum haka take, baƙi shanye zafi yake yi, fari kuwa ya mayar wa rana kayanta.

Na lumshe ido. Sai na ga duniya ta zama wata ƙatuwar saniya tana tafiya a hankali cikin sama, gajimare a gadon bayanta, ƙanƙara a goshi da ƙafafu, yadda malamarmu ta firamare ta taɓa faɗa. Inda take da fari, haske ya taɓa ya koma. Inda take da baƙi, teku da titi da ƙonanniyar gona, sai ta sha ta yi ɗumi. Farin yana ta raguwa, ta fara haki, kuma can sama babu mangwaron da za ta fake.

Washegari da sassafe na jiƙa farar ƙasa a bokiti, na hau tsani da tsintsiya, na shiga shafe kwanon da ita. Felix ya same ni a can.

“Ke Winifred, ruwan farko zai wanke wahalar nan taki.”

“In ruwa ya zo ai sanyi ya zo, Yaya.” Ban iya kallonsa ba.

Ranar Lahadi ya zo da motar haya da tsakar rana. Ya leƙa ɗakin, ya tarar Kaka tana barci, bakinta a buɗe. Ya miƙa hannu sama ya taɓa kwanon, ya ji ba zafi kamar da, ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmi, ya jawo tabarma kusa da gadonta, ya ce a hankali in je in sallami direba.