Motar Illo Ta Shiga Tarihi

Shekara ashirin da shida motar Illo ta yi tsaye a tsakar gidan Kadidia, a bayan tsohuwar kasuwar Agadas. Kamiyo ce babba ƙirar Faransa, mai dogon hanci, wadda a da take jigila tsakanin Agadas da Bilma. Illo, mijin Kadidia, shi ya tuƙa ta tun yana saurayi har ranar da moter ɗinta, wato injin, ya yi tarinsa na ƙarshe. Aka turo ta filin gidan da cewa za a gyara bayan Sallah. Sallah ta wuce, wata ta zo ta wuce, har aka ja katanga aka kewaye gidan da motar a ciki, aka bar ƙofa wadda ko jaki mai kaya sai ya karkata yake shiga.

A goshin motar an rubuta "Ƴar Bilma", amma Kadidia ba ta taɓa kiran ta haka ba. "Wancan ƙarfen" take cewa. Ƙarƙashinta take ajiye gawayi, a jikinta take shanya, tattabaru kuma sun mallake kujerar shofer.

Ran wata Talata da hantsi, tana tsintar shinkafa, sai ga sallamar maza uku. Na gabansu Mushe Zaharaddin ne, Mushe wato Malam a bakin Faransawa, wanda ya yi shekara talatin a wani biro, wato ofis, a Yamai, ya ajiye aiki, ya dawo gida ya rasa abin yi. Sai ya kafa ƙungiyar adana tarihin motocin hamada, ya naɗa kansa shugaba. Kadidia ta san shi tun yana yaro. Iyakar hamadar da ya taɓa ratsawa ita ce rairayin ƙofar gidan ubansa.

Ya tsaya gaban motar, ya dafe ƙirji, ya cire madubin idonsa ya goge.

"Baba Illo, kun san abin da kuka ajiye a nan? Wannan *patrimoine* ne. Gado ne na al'umma duka!"

Gadon tattabaru dai, Kadidia ta ce a ranta.

Abin da ya ba ta haushi ba Zaharaddin ba ne, mijinta ne. Tsohon da ya wuni jiya yana kukan gwiwa, yau ga shi ya miƙe sambal, yana dukan ƙafar motar da sanda, yana bayani da wata murya da ba ta ji ba tun suna amare. Kafin shayi ya kai zagaye na biyu an gama magana: za a kai motar wani fili a bakin hanyar fita gari, a yi mata biki, manyan baƙi su zo daga Yamai.

"Ta ina za ta fita, Mushe?" Kadidia ta tambaya daga bakin madafi. "Ko fuka-fuki za ku sa mata?"

"Inna, ƙaramin abu ne. Za a ɗan buɗe katangar. Washegari magina su mayar, ta fi ta da kyau."

Ba ɗan buɗewa aka yi ba. Rabin katangar gabas aka rushe, aka kawo wata ƙatuwar motar gini ta ja Ƴar Bilma da sarƙa. Ƙafafunta huɗu duk sun ruɓe, ta fita tana jan ciki tana kuka, unguwa duka ta fito kallo. Aka bar Kadidia da gida a buɗe, duk mai wucewa yana ganin abin da ke cikin tukunyarta. Ta rataya tabarmi biyu a wurin, ta zauna jiran magina.

Bayan kwana goma ƴarta Munira ta kai ta filin don ta gani. Motar da ta yi rayuwarta kore, an shafe ta da ruwan ɗorawa, wai shi ne launin hamada. An zana mata raƙumi a ƙofa, an ɗaura mata tutoci kamar amaryar ƙauye. A gabanta an kafa allon ƙarfe mai rubutun Faransanci.

"Karanta mini," in ji Kadidia.

Munira ta karanta ta fassara. "Wai wannan ita ce motar da ta ratsa hamadar Tenere sau ɗari uku ba ta taɓa tsayawa ba. Wai ita ta hutar da raƙumi."

Kadidia ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Tana da abin cewa, amma ya shekara arba'in da wani abu a rufe.

A shekarar da take da cikin Munira, Illo ya tashi zuwa Bilma da buhunan hatsi da fasinja bakwai. Ya yi lodi fiye da kima, ya kuma ƙi ɗaukar ɗan jagora, don a lokacin yana ganin ya haddace hamada. Kafin garin Fachi ya bar sawun da kowa ke bi don ya yanke hanya. Motar ta nutse a rairayi, man gazuwal ya ƙare wajen ƙoƙarin fitar da ita. Kwana goma sha ɗaya babu labarinsu. Suka shanye ruwan salka, suka shanye na cikin motar mai ɗanɗanon tsatsa. Wani ɗan kasuwa mai suna Nomau, mutumin In-Gall, bai kai kwana na tara ba. Ayarin gishiri ne ya tsinci sauran, madugunsu wani Ba'abzine mai suna Issouf. A bayan raƙumi Illo ya shigo Agadas, an ɗaure shi da igiya don kada ya faɗo, leɓunansa a tsage. Kadidia ce ta yi wata guda tana ba shi kunu da cokali. Tun daga nan ba su sake tayar da zancen ba.

Ranar biki aka kafa rumfa da kujerun roba. Manyan baƙin da aka ce za su cika jirgi, mutum huɗu ne suka zo, ɗaya ma barci ya yi ta yi. Zaharaddin ya yi jawabi har rana ta take. Ya yi godiya ga mutum goma sha tara, ya ambaci kansa sau shida. Da yake motar ba ta tashi, ya sa aka ɓoye lasifika a ƙarƙashinta, ana sakin ƙugin moter daga wayar wani. Kadidia ta shekara talatin tana gane kukan Ƴar Bilma tun daga bakin gari. Wannan ƙarar injin niƙa ce.

Aka naɗa wa Illo rawani irin wanda bai taɓa sawa ba, aka miƙa masa makirufo. Ya fara da kunya, da ya ji tafi sai baki ya buɗe. Ya ce kwana biyu yake yi zuwa Bilma. Ya ce idonsa a rufe yana gane hanya da warin iska. Ya ce duk wanda ya hau motarsa ya sauka da ƙafarsa. Samarin da ke tuƙa sababbin motoci zuwa wuraren haƙar zinariya suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Sai Zaharaddin ya duba takardarsa ya ce, "Yanzu kuma muryar mata. Inna Kadidia za ta faɗa mana haƙurin matan shofer. Minti ɗaya, Inna."

Da ba ta yi niyyar tashi ba. Maganar sauka da ƙafa ce ta tashe ta. Ta gyara mayafi, ta karɓi abin maganar, ta riƙe shi nesa da baki kamar mai wari.

"Ni ban yi karatun lakwal ba, amma an karanta mini allonku. An ce motar nan ta hutar da raƙumi. To, ni dai a kan raƙumi aka kawo mini mijina, ɗaure kamar buhun dabino. Motar kuwa wata biyu ta yi a rairayi, raƙuma ne suka kai mata gazuwal. In za ku zana raƙumi, ku zana shi a gaba yana jan ta."

Rumfa ta barke da dariya. Har mai barcin ya farka yana tambayar abin da aka ce. Zaharaddin ya miƙo hannu zai karɓi makirufo, Illo ya riga shi.

Kadidia ta zaci zai ƙaryata ta. Rawanin ya zame masa gefe guda.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. "Ni na ɓatar da mu. An ce in ɗauki jagora, na ƙi. Akwai mutum ɗaya, Nomau na In-Gall. A inuwar ƙafar nan ta baya ya cika, da hannuna na tona masa. Wanda ya cece mu Issouf ne, bai ko tambayi sunana ba sai da na sha ruwa. Babu sunan ko ɗayansu a allon nan."

Wuri ya yi tsit, sai lasifikar da ke ta niƙa a ƙarƙashin mota, har wani ya tuna ya kashe ta.

Zaharaddin ne ya fara tafi. Ya share ido da hankici, ya juya ga baƙinsa ya ce da Faransanci irin wannan shaida mai taɓa zuciya ce ƙungiyarsa ta daɗe tana nema, kuma shi ya tsara ta zo a daidai wannan wuri. Kadidia ta dube shi sama da ƙasa. Da bango ya faɗo masa a ka, da zai ce yana cikin shirin biki.

A hanyar gida Illo da Kadidia suka kusa kwanar masallacin unguwa.

"Kin tozarta ni a gaban yara," in ji Illo.

"Kai ka fara, Malam. Ni na ƙarasa ne."

Ya yi tafiya kaɗan yana dogara sanda. "Nomau ya bar ƴa. Aissa. Sau ɗaya na je musu gaisuwa, ban iya komawa ba."

"Tana nan In-Gall, ta yi jikoki. Duk shekara ina aika mata da sabulu da turmin zane ta hannun masu gishirin Tegidda."

Ya tsaya cak. "Tun yaushe?"

"Tun kana shan kunu da cokali."

Ƙungiyar Zaharaddin ba ta sake zama ba. Magina ba su zo ba, sai Munira da mijinta ne suka tayar da katangar kafin damina. Allon ƙarfen wani ya cire shi ya yi ƙofar akurkin awaki, masu albasar Tabelot kuma suka mayar da inuwar motar wurin sauke buhuna.

Ran wata Lahadi da safe Illo da Kadidia suka shiga ƙaramar motar haya zuwa In-Gall, da ƙullin goro da sukari a cinyarta. An ba tsohon kujerar gaba don girmamawa, abin da shofer ya yi nadamarsa tun ba su bar gari ba. Illo ya ce masa bai iya canza gudu ba, yana taka birki kamar mai kashe kunama, kuma a zamaninsu irinsa ko wankin mota ba a ba shi. Shofer ya leƙo Kadidia ta madubi yana neman ceto.

"Yi haƙuri, ɗana," ta ce. "Ka dai bi hanyar da kowa ke bi. In ya ce maka ya san yanke, kada ka saurare shi."