Ruwan Tekun Baba Mordecai

"Kar ki buɗe, Zubaidatu! Ajiye!"

Na dire kwalbar. Mutumin da kwana uku ko kunu bai iya haɗiya ba, ga shi yana daka mini tsawa. Ni fa leɓensa na ga ya bushe, na jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, na ga ruwa garai-garai.

"Ruwan teku ne, 'yata," in ji Baba Mordecai, yana haki.

Shekara biyu muna haya gida ɗaya a Samaru. Na san ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwaje, na kuma sha ganin kwalabe shida a kan katangar bayan ɗakinsa, na ɗauka rigimar tsufa ce. Ashe akwai wasu shida a akwati, an naɗe su da baƙin ƙyalle.

"Duk abin da ya mutu a teku narkewa yake, kamar sukari a shayi," ya ce. "Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cinye mai laushin, su bar mai tauri. Rana in ta doki ruwan sai ta farfasa wani daga mai taurin, su samu na ci. Waɗancan na bar wa rana, waɗannan na bar wa duhu. Shekara tara ke nan. So nake in san me ya rage."

"To Baba, sai ya amfane ka da me?"

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Ya ce ranar Asabar 'yarsa Christabel za ta zo daga Legas ta tafi da su inda ake da na'urar awo.

"Ki tsare mini su. Ko murfi kar a taɓa."

Na ce na yi alkawari.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Kafin azahar ƙanwarsa Mama Winifred ta iso daga Muchia da matan zumuntar cocinsu, suka shiga gyara ɗaki. Na dafa shinkafa na kawo, sai na tarar da ƙofa a rufe, ana waƙar coci da ƙarfi. Ni ba a koya mini kutsawa cikin ibadar mutane ba. Na tsaya riƙe da kwano, kai a ƙasa, har suka kai amin.

Da aka buɗe, akwatin nan yana tsakar ɗaki, wayam.

"Mama, ina kwalaben?"

"Mun bi ta ƙofar baya mun zubar a kwata, 'yata, har na kan katanga. Ruwan asiri a ƙarƙashin gadon Kirista! Shi ya cinye mini ɗan'uwa."

Wallahi ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Waƙar da na tsaya ina girmamawa, ta zubarwa ce. Na so in yi ihu, amma matar kuka take, gawar wanta tana kwance. Na miƙa mata shinkafa na fito.

Christabel ta iso ranar Asabar da wata babbar kula cike da ƙanƙara. Ni na gaya mata an zubar, da bakina. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce in nuna mata wurin.

Muka zagaya baya. Ruwan ya daɗe da bushewa, sai wani farin layi siriri a bakin kwata. Ta durƙusa ta dangwala da yatsa, ta kai bakinta, ta daɗe a tsugune.